Abin da Ke Girma a Bayan Waken

Shekarata goma sha huɗu ina koyar da aji uku kafin a kawo mana kwamfutocin hannu, waɗanda ake ce wa tabulet. Wata ƙungiya ce ta ba makarantarmu kyauta. Guda goma sha ɗaya aka ware wa ajina, yara kuwa arba'in da uku. Ranar da Hedimasta ya miƙo mini kwalin ya ce, "Malama, ki riƙe su kamar ƙwai," sai da na yi mako biyu ban buɗe shi ba. Gani nake da na miƙa wa yaro zai saki a ƙasa. Abin da aka koya mana a bitar kwana biyu kuwa duk ya bi iska.

Da na ga ba mafita, sai na ce bari in fara da abin da na iya, wato ɗaukar hoto da ɗaukar murya. Na raba yaran huɗu-huɗu, rukuni na ƙarshe mutum uku, kowane rukuni da na'urarsa. Ranar karatu yaro ya karanta layi biyar a ɗauki muryarsa, ya saurara da kunnensa ya ji inda ya yi tuntuɓe. Ranar lissafi su zaga aji suna ɗaukar hoton duk abin da ke da kusurwa huɗu ko uku. Ba wata dabara mai zurfi, amma sai ga yaran da ba sa buɗe baki suna rige-rigen karatu.

Sai muka zo darasin tsiro. Muka shuka wake a gwangwanin madara, muka ɗora shi a bakin tagar da ke kusurwar aji ta baya. Na zana da'ira da alli a ƙasa inda mai ɗaukar hoto zai tsaya, don kullum hoton ya fito daga wuri ɗaya. Kowace safiya bayan kiran suna a ɗauki hoto guda. Wadda ta fi kowa ɗaukar aikin da zafi wata 'yar siririyar yarinya ce da ake kira Rediyo, saboda tun daga ƙofar makaranta bakinta ke kunne, ba ya mutuwa sai an tashi. Ita ke ba waken ruwa, ita ke yi masa hira. Har suna ta sa masa, wai Ɗan Auta.

Ajinmu yana can ƙarshen makaranta, a wani ƙaramin tsohon bene mai aji biyu kacal. Mu ne a ƙasa, aji biyar a samanmu, matakala guda ɗaya a gefe. Rufinmu na siminti shi ne daɓensu. Idan suka ja benci muna ji a kanmu. 'Yata ta fari tana cikinsu, ita ce ma monitarsu.

Ranar Alhamis ɗin da hotunanmu suka cika goma sha takwas, ita ce ranar da mutanen ƙungiyar za su zo su ga yadda muke aiki da kyautarsu. Ƙarfe sha ɗaya aka ce. An kwana uku ana ruwa, safiyar ce kawai gari ya ɗan washe. Wajen tara da rabi na tara yaran a gaban teburina don mu gwada abin da za mu nuna wa baƙi. Na ɗaga na'urar sama ina jan hotunan da yatsa da sauri, ɗaya bayan ɗaya. Sai ga wake yana fasa ƙasa, yana miƙewa, yana buɗe ganye kamar mai hamma. Yara suka ɗauki tafi da ihu.

"A sake, Malama! A sake!"

Na sake. A karo na uku Rediyo ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin.

"Malama, ba Ɗan Auta kaɗai ke girma ba. Layin nan ma yana girma."

"Wane layi?"

Ta ɗora yatsa a bangon da ke bayan gwangwanin, cikin hoton. Na koma hoto na farko. Akwai wani ɗan zane siriri kamar gashi, ya taso daga kusurwar taga. Na ja zuwa na biyar, ya yi kamar zare. Na goma, ya yi reshe. A na sha takwas, wanda aka ɗauka da safen nan, baƙi ne wuluk, ya haura ya fice daga hoton.

Na ɗaga kai na dubi bangon kansa. Kullum ina ganinsa, ban taɓa kallonsa ba. Daga saman taga zuwa rufi akwai babbar takardar jadawalin sau da na manna tun farkon zango. Na ce wa yaran kowa ya koma mazauninsa ya zana waken a littafi. Na taka zuwa kusurwar kamar mai duba aikin yara, na ɗaga gefen takardar.

Tsagar ta bi ta bayan takardar a karkace, tana hawa tana ƙara faɗi, har ta shige ƙarƙashin rufin. Na zura fensir ya shige har rabi. Wata iska mai sanyi tana fitowa ta ciki. A daidai lokacin wani ya ja benci a sama, sai ga yashi yana zubowa a bayan hannuna, siriri, kamar ana barbaɗa gishiri.

Mahaifina magini ne, shekara arba'in yana aikin kafin gwiwa ta zaunar da shi. Na fita baranda na kira shi a waya.

"Uwata, lafiya da safen nan?" Haka yake kirana.

"Baba, bangon ajina ne ya tsage."

Ya yi 'yar dariya. "Wane tsohon gini ne ba ya tsagewa? Filasta ce kawai. A tsaye take ko a karkace?"

"A karkace. Kamar matakala."

"Ina ta fi faɗi, sama ko ƙasa?"

"Sama. Fensir yana shiga."

Dariyar ta ɗauke. "Ƙofar ajin tana rufuwa daidai?"

Sai na tuna mako guda ke nan sai na sa kafaɗa nake rufe ta, ina cewa damina ce ta kumbura katakon. Na tuna kuma yadda nake yi wa masu shara faɗa kullum saboda ƙurar da nake tararwa a bencin baya. Na faɗa masa.

"Tun yaushe take haka?"

"Sama da mako uku da suka wuce kamar gashi take, Baba. Ina da hotonta na kowace ranar makaranta. Ta fi buɗewa a kwana ukun nan."

Da ya sake magana muryarsa ta canza, irin wadda ban taɓa ji ba sai ranar da mahaifiyarmu ta faɗi a tsakar gida.

"Jikata tana sama?"

"Tana sama."

"Ki saurare ni da kyau. Ki fitar da naki yanzu. Sannan na sama su sauko kaɗan-kaɗan, ba gudu, ba tsalle. Kar a buga ƙararrawa, kar ki ce musu gini zai faɗi. In suka ruɗe suka yo matakalar nan gaba ɗaya, ko ginin bai kashe su ba za su kashe junansu. Ga ni nan zuwa."

Ina sauke wayar sai ga Hedimasta ya nufo mu, sanye da kaya masu guga, yana duba ko an share baranda. Mutum ne mai kirki amma mai tsoron abin da za a ce. Na ja shi gefe na nuna masa hotunan. Ya kalla, ya leƙa aji ya hango bangon, ya shafa goshi.

"Na san da tsagar nan, Malama. Sau biyu ina rubuta takarda a kanta. An ce za a turo mai dubawa."

"Yallaɓai, wadda ka sani ba ita ce wannan ba. Dubi ta jiya, dubi ta yau."

"Baƙin nan suna hanya. Ajin za su shiga, ajin aka shirya. Minti arba'in ne kawai. Da sun tafi sai a kwashe yaran, na yi miki alkawari. Ginin da ya shekara talatin a tsaye ba yau zai zaɓa ba."

"Ka yi haƙuri, yallaɓai. Ba zan iya ba."

Ban taɓa ce masa haka ba. Ban jira ba, na koma aji.

Na tsaya a gaban yaran na ƙaƙalo murmushi.

"Yau a waje za mu yi farautar siffofi. Kowane rukuni ya ɗauki na'urarsa, ban da wadda ke hannuna. Ku je can bakin filin ƙwallo, ku samo mini abu biyar masu da'ira. Amma da sharaɗi: tafiyar mage za mu yi. Rukunin da na ji ƙarar takalminsa ya faɗi wasa. A bar jaka, a bar komai."

Suka fita suna sanɗa, suna toshe baki don dariya. Ina tsaye a ƙofa ina taɓa kan kowanne yana wucewa, idona a rufi. Da na ƙarshe ya fita na nufi matakala.

Ban taɓa sanin hawa goma sha shida ne ba sai ranar. Matakalar jingine take da bangon da ya tsage. Kowane taku sai in ji kamar nauyina ne zai ƙarasa shi. A hawa na tara na ga inda ta rabu da bango, har ana hango haske ta tsakani.

Malamin aji biyar, wanda kowa ke kira Malam Lissafi, yana rubutu a allo. Dogon mutum ne mai son zolaya. Da ya gan ni ya ce, "A'a, manyan 'yan zamani! An zo a koya mana danne-danne?" Na miƙa masa na'urar na ja hotunan sau ɗaya. Na raɗa masa, "Bangon da ke ƙarƙashinku ne. Babana ya ce kaɗan-kaɗan, ba gudu." Ya dube ni, ya dubi daɓen da yake tsaye a kai. Allin da ke hannunsa ya karye biyu.

Amma da ya juya wajen yaran muryarsa ƙalau. "To, 'yan aji uku sun ƙalubalance mu gasa a fili. Layi-layi za a sauka, mutum biyar-biyar. Kowa ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Wanda ya ja benci ya share aji mako guda. Monita, ke ce ta ƙarshe kamar kullum."

'Yata ta miƙe ta je ta tsaya a bakin ƙofa, ta harɗe hannu, tana jin kanta. Mutum hamsin da biyu ne a ajin. Na so in ce, "Malam, bar ta ta biyo ni." Maganar ta zo har bakina. Amma yaran nan ba wawaye ba ne. In suka ga na janye tawa ita kaɗai, za su gane, kuma da sun gane shi ke nan. Na haɗiye. Na wuce ta ko kallonta ban yi ba, don na san in na kalle ta fuskata za ta tona ni.

Na tsaya a gindin matakala ina karɓarsu. Biyar. Goma. Wani yaro ya diro daga hawa biyu na ƙarshe, na ji dirar a cikin haƙarƙarina. Ashirin da biyar. Yashi yana zubo mini a ɗankwali. Ina ta salati a zuci, a fili kuma ina cewa, "Yawwa, sannu, a hankali, madalla." Arba'in. Can cikin ajina wani abu ya yi ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen itace. Wata yarinya ta tsaya cak a tsakiyar matakala.

"Malama, mene ne wannan?"

"Taga ce iska ta buga. Sauko, 'yar albarka."

Hamsin. Sai ga 'yata tana saukowa a nitse, tana riƙe da rajistar aji da takalmanta, Malam Lissafi a bayanta. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa na damƙi hannunta da ƙarfin da sai da ta ce, "Umma, da zafi!" A makaranta ba ta taɓa ce mini Umma ba.

A filin ƙwallo na ce 'yan ajina su tsaya rukuni-rukuni. Na bi ina dubawa. Huɗu, huɗu, huɗu. Rukuni na bakwai mutum uku.

"Ina Rediyo?"

Suka dubi juna. Ɗaya ta ce, "Ta ce an manta Ɗan Auta shi kaɗai. Ta ce shi ma gwangwaninsa da'ira ne."

Ban san lokacin da na yar da takalmana ba. Na ji Hedimasta yana kirana, na ji 'yata tana kirana. Ƙofar ajin a buɗe take, amma ta sunkuyo ta kafe a ƙasa, sai ta gefe na kutsa. Ciki ya yi duhu-duhu da ƙura. Takardar jadawalin ta yage biyu da kanta, rabi a wannan gefen tsagar, rabi a wancan. Wani ɓangaren filasta mai faɗin tire ya faɗo a bencin baya ya tarwatse.

Tana can kusurwar, ta rungume gwangwanin a ƙirji, ta ƙame. Farar ƙura ta rufe mata kai. Karo na farko da na ga yarinyar nan ba ta magana. Idonta yana sama, inda wani ɓangaren filastar ke reto.

"Zo nan," na ce a hankali. "Taho wajena."

Ba ta motsa ba. Fitsari yana bin ƙafarta.

Tsakanina da ita benci shida ne. Na bi ta tsakaninsu ina jin rufin a kan wuyana kamar an ɗora mini shi. Wani ƙas ɗin ya sake tashi, wannan karon daga ƙasa, na ji shi a tafin ƙafata. Na sunkuce ta ita da gwangwanin. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ban san yadda na kai ƙofa ba. Abin da na sani, wasu hannaye sun fizgo mu ta gefen ƙofar, ashe Hedimasta ne, kayan gugarsa sun yi buɗu-buɗu.

Ginin bai faɗi ba. Muka tsaya a fili, mu kusan ɗari, muna kallonsa, shi ma yana tsaye abinsa. Baƙi suka iso suka tarar da yara ba takalma, malama ba takalma, yarinya tana kuka da gwangwani a hannu. Na ji wata malama tana cewa ƙasa-ƙasa, "Duk wannan a kan 'yar tsaga?" Kunya ta fara kama ni a kan tsoron.

Sai ga Baba a bayan babur, da sandarsa. Bai gaisa da kowa ba. Bai ma shiga ajin ba, ya zaga bayan ginin, mu kuma muka bi shi daga nesa. Akwai kwata da ke bin bayan bangon, ta toshe da shara, ruwan kwana uku ya taru ya kwanta. Ya soka sandarsa a gindin bangon. Ta shige har mariƙi, ba abin da ya tare ta. Ya zaro ta, ya dubi Hedimasta.

"Malam, kusurwar nan ba a kan ƙasa take zaune ba. Ruwa ya cinye ƙarƙashinta. A ɗaure igiya, ko akuya kar ta matso."

Hedimasta da kansa ya ɗaura igiyar. Ɗaya daga cikin baƙin ta karɓi hotunan goma sha takwas ta tura wa hukuma a take. Washegari masu dubawa suka zo, suka manna jar takarda, suka ce za a rushe shi a hutun zango. Aka mayar da aji uku da aji biyar zauren taro, muka raba shi da labule. Jakunkunan yara suna ciki, aka hana kowa ɗaukowa.

Ranar Talata, wajen sha biyu saura, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina tsaye ina koyar da rabawa. Sai muka ji wani gurnani mai tsawo, ƙasa ta girgiza, tagogin zauren suka kaɗa. Yara suka kwanta a ƙasa suna kururuwa. Na san su arba'in da uku ne a gabana, na kira sunansu da safe, amma sai da na ƙirga su sau uku. Na yaye labulen na ga Malam Lissafi shi ma yana bin kawuna da yatsa, leɓensa yana motsi.

Da ruwa ya tsagaita Hedimasta ya zo ya ce in biyo shi. Muka tsaya a bakin igiya. Rabin benen ya zauna. Daɓen aji biyar ya sauko ya kwanta a kan bencinan ajina tun daga baya har layi na biyu, matakalar kuma babu ita. Wata jar jakar makaranta tana leƙowa ta ƙarƙashin simintin. Ya daɗe yana kallonta.

"Minti arba'in na ce miki," ya ce. "Da kin bi maganata, da na ce a bar kwashe yaran sai Litinin. Na san kaina. Litinin ɗin ma da na ce a jira mai dubawa."

Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, ya kasa mayarwa.

An tashi yara da wuri ranar. Iyaye suka cika ƙofar makaranta, wasu da kuka, wasu da faɗa, wata uwa ta rungume ni ban ma san ko ta wane yaro ba ce. Duk wannan ina tsaye daram, ina amsa wa kowa. Sai da muka kama hanyar gida ni da 'yata, muka wuce kanti biyu, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Na zauna a dakalin wani shagon ɗinki. Telan ya leƙo, ya koma ya kawo ruwa a kofi bai tambayi komai ba. 'Yata ta karɓi jakata ta rataya a kafaɗarta, ta zauna kusa da ni. Mun fi rabin sa'a a wurin kafin na iya tashi.